Masaukin da Aka Gina a Cikin Lambu: Tafiyata Kogin Tambopata

Daga garin Puerto Maldonado, babban birnin yankin Madre de Dios a kudu maso gabashin Peru, mota ke fara kai mutum bakin ruwa, daga nan sai kwale-kwale mai inji. Damina ce, kogin Tambopata ya cika ya batse, ruwan ya yi jajir saboda lakar da yake kwasowa daga gindin duwatsun Andes, ga kututturan itatuwa suna tafe a kansa, matuƙin yana kauce musu ba tare da ya rage gudu ba. Masaukin baƙin da na nufa yana dab da gandun dajin Tambopata, wanda gwamnatin ƙasar ta keɓe a shekarar 2000, mai faɗin hekta sama da 270,000. Yawancin abokan tafiyata tsuntsaye suka zo gani, musamman manyan akun nan masu ja da shuɗi da ke taruwa da sassafe a gaɓar kogi suna cin laka. Ni abin da ya kawo ni daban ne. An ce mini a cikin lambu aka gina masaukin, lambun kuma baƙo ba ya iya raba shi da daji.

Tun wurin lodi na fara ganin alama. Jiragen da ke gefenmu an shaƙe su da kwandunan dankali, karas, kabeji da tumatir, waɗanda yawancinsu ba a kurmi ake noma su ba. Daga kan tudu suke gangarowa, ta wajen Kusko da Puno, a bayan manyan motoci, kan babbar hanyar da ta haɗa Peru da Birazil. Namu jirgin kuwa shinkafa ce da mai da gishiri da sukari da tukwanen gas da buhun albasa. Mai jagorarmu, wani matashi ɗan ƙabilar Ese Eja, mutanen da kakanninsu ke zaune a bakin wannan kogi tun kafin zuwan Turawa, ya ce sauran abincin yana can a tsaye yana jiranmu.

Da muka sauka muka hau matakalar katako, sai hanya ta shige da mu cikin inuwa. Na yi tafiya mai ɗan nisa ina ɗaga kai ina kallon rassa kafin mai jagora ya tsaya ya ce, "Ɗan'uwa, duk abin da ka gani daga bakin ruwa zuwa nan, hannu ne ya dasa shi." Sai da ya faɗa sannan idona ya buɗe: ga ayaba, ga gwanda, ga koko da 'ya'yansa manne a jikin kututture, ga abarba a ƙasa, ga citta, ga dogayen itatuwan kwakwa iri-iri da ban san sunansu ba. Babu kunya, babu layi, babu ƙasa ko taki ɗaya da rana ke duka kai tsaye.

Washegari aka haɗa ni da matar da lambun ke hannunta, wata dattijuwa gajera mai takalmin roba har gwiwa, adda ba ta barin hannunta. Abu na farko da ta gaya mini shi ne wurin nan filin kiwon shanu ne a da. An sare kurmin, an ƙone, an shuka wata ciyawar kiwo mai naci da ake kira barakiyariya, shanu suka tattake ƙasar har ta daskare, mai filin ya sayar ya tafi. Masu masaukin da gangan suka sayi wannan mataccen fili, suka bar tsohon kurmin da ke bayansa ba su taɓa ko itace ɗaya ba. A ganina wannan shawara ta fi duk sauran nauyi. Mutumin da ya sare tsohon kurmi don ya kafa ɗakuna da lambu, komai kyawun lambun, ɓarna ya yi, domin abin da ya kayar ɗaruruwan shekaru ne suka gina shi.

Ta kai ni gefen tsohon kurmin ta durƙusa, ta sa bakin adda ta yaye ganyen da ke ƙasa. A sama busassun ganye, ƙarƙashinsu ruɓaɓɓu masu laima da farin zaren naman gwari a jiki, sai wata tabarmar ƙananan saiwoyi da suka sarƙe da juna. Duka-duka kaurin bai wuce faɗin yatsu uku ba. Tana ƙara tonawa sai ga jar laka mai danƙo, ta ɗebo ta murza ta miƙo mini. "Ka gani, ɗana? Abincin duka a saman nan yake. Ƙasan babu komai." Gaskiyarta. Zafi da ruwan sama mai yawa sun daɗe da wanke sinadaran ƙasar yawancin kurmin Amazon, sun bar ta da tsami. Arzikin dajin yana jikin itatuwan ne da ganyen da suke zubarwa. Ganye na faɗuwa gara da naman gwari su narkar da shi, saiwoyi su tsotse kafin ruwa ya tafi da shi. Shi ya sa wanda ya yi sassabe ya ƙone yake samun amfani mai kyau daga tokar shekara biyu ko uku, daga nan gonar ta mutu, dole ya matsa gaba ya sare wani wurin.

To yaya aka yi aka ta da filin da shanu suka kashe? Ta nuna mini wani itace mai buɗaɗɗun rassa da suke kira guwaba, wanda masana ke kira inga, mai dogayen 'ya'ya kamar bulala, da farin abu mai zaƙi lulluɓe da ƙwayoyin ciki. Shi aka fara dasawa, a cunkushe. Dangin wake ne, saiwarsa tana tara wa ƙasa sinadarin naitirojin, yana jure tsamin ƙasa, yana girma da sauri, inuwarsa kuma ita ce ta kashe ciyawar kiwon da adda ta kasa kashewa. In ya yi tsawo sai a sassare rassan a zube su a gindin shuka, ganyen ya zama taki, itacen ya sake tohowa. Manajan masaukin ya ce mini dabarar ba tasu ba ce su kaɗai. Wani masani Bature ɗan Ingila, Mike Hands, ya shafe shekaru yana gwada noma a tsakanin layukan inga a Kosta Rika da Honduras don manoma su daina ƙona daji. Wani kuma, Ernst Götsch, mutumin Suwizalan da ya zauna a jihar Bahia ta Birazil tun shekarun 1980, ya farfaɗo da lalataccen fili ta hanyar dasa itatuwa a cunkushe da yawan saran rassa. Dattijuwar ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ita dai a gonar mahaifiyarta ta fara ganin ana haka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda lambun ya tsara wa ginin wurin zamansa. Ba a gina ɗakuna sannan aka nemi abin ƙawata su ba. Kicin ne a tsakiya, kewaye da shi kuma abubuwan da mai girki ke buƙata kullum: ƙananan barkonon nan masu ruwan ɗorawa da suke kira carapita, ganyen ƙamshin miya, citta, gangamau, da wani ɗan itace mai tsami dangin gauta da ake kira kokona. Nan ne kaɗai aka bar rana ta sauka sosai, kuma a kan rufin nan aka jera faifan sola, saboda fili ɗaya ya biya buƙata biyu. Ruwan wanke-wanke da na wanka ba ya zuwa kogi. Bututu ke kai shi wani rami da aka cika da guntayen itace da ganye, aka zagaye shi da ayaba, ita kuwa ayaba ba ta ƙoshi da ruwa. Na leƙa ramin ina neman tsutsar sauro, ban ga ruwa a kwance ba ko kaɗan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da zazzaɓin dengi ke yawo.

Ɗakunan kwana suna can gaba, a cikin inuwar koko da danginsa. A kan dirkoki aka ɗora su, nesa da ƙasa, saboda laima da ambaliya da macizai, kuma gadar katako ce ke haɗa su don kada ƙafafun baƙi su daddanne saiwoyin. Bangon da ke fuskantar lambu babu shi gaba ɗaya, sai dogari na katako da gidan sauro a kan gado. Jinkar ta ganyen wata gajerar kwakwa ce mai suna falmice, da ke tsirowa a ƙarƙashin manyan itatuwa, ana saƙa ganyen a jikin sanda a jera su hawa-hawa. Sun fara dasa ta a lambun, domin jinka tana ruɓewa bayan wasu shekaru, in kuma kowane masauki daji zai shiga ya yanko, wata rana za a nema a rasa. Babu na'urar sanyaya ɗaki. Da tsakar rana na fita fili kusa da kicin, zafin ya dake ni, na koma baranda na ji kamar an canza gari. An kuma bar tazara tsakanin rufi da dogayen itatuwa, don iska ta ratsa jinkar ta bushe, don kuma reshe kada ya faɗo wa mai barci in hadari ya taso.

Akwai itace ɗaya da aka kore shi nesa da duk inda mutum ke kwana ko wucewa, shi ne kastanya, wanda kasuwannin duniya suka san ƙwayarsa da sunan Birazil. Don mu ga manyansa sai da muka shiga tsohon kurmi, kowa da hular kwano a kai, domin lokacin zubarsa ne. Itacen yana kai mita 50, yana rayuwa shekara 500 ko fiye, ƙwallon ɗansa kuma nauyinsa kan kai kilo 2. In ya sako daga can sama, ƙarar faɗuwarsa kaɗai ta isa ta sa mutum ya tsaya cak. Masu tsintar ba sa sa hannu a cikin ganye saboda macizai, da wata sanda mai tsagaggen baki suke cafko ƙwallon su jefa a kwandon da ke bayansu. Mai jagora ya dafe ɗaya da ƙafa, ya sare kansa da adda, sai ga ƙwayoyi a jere a ciki, kusan ashirin.

A gindin itacen nan na gane iyakar abin da lambu zai iya. Furen kastanya yana da murfi mai ƙarfi, sai manyan ƙudajen zuma na daji ke iya ɗaga shi su shiga, su kuma ba sa rayuwa sai inda kurmi yake da rai. Daga fure zuwa nunar ɗan ana ɗaukar wata 14 ko kusa da haka. In ya faɗo, wata 'yar dabba dangin ɓeraye mai dogayen ƙafafu, aguti, ita ce ke iya gurgurar ɓawon ta fasa, ta ci wasu ƙwayoyin, ta binne wasu don gaba, waɗanda ta manta su ne ke tsirowa. Shi ya sa har yau kusan duk kastanyar da ake sayarwa a duniya daga daji ake tsinto ta, a Bolibiya da Birazil da Peru, ba daga gona ba. Doka ta hana sare itacen, amma a kan hanyarmu ta mota na ga wasu tsaye su kaɗai a tsakiyar filin kiwo, an sare duk abin da ke kewaye da su, wasu sun bushe a tsaye. Lambun masaukin ma haka yake. Ƙananan ƙwarin da ke barbarar furen koko, da jemagu da tsuntsayen da ke kawo iri, daga tsohon kurmi suke fitowa. In aka raba lambun da kurmin, rabin ma'aikatansa sun tafi.

Kuma shi kansa tsohon kurmin ba kamar yadda muke zato yake ba, wai dajin da hannun ɗan Adam bai taɓa ba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2017 ya duba nau'in itatuwa 85 da mutanen Amazon na da suka riƙa renonsu, ya gano 20 daga ciki suna cikin itatuwan da suka fi yawa a kurmin, kuma sun fi taruwa kusa da kufan tsofaffin garuruwa. Kastanya da koko suna cikinsu. A kudancin Ikwado an samu shaidar amfani da koko tun shekara 5,300 da suka wuce. A wurare da dama, musamman a Birazil, akwai baƙar ƙasa mai albarka da mutanen dauri suka bari, cike da gawayi da ƙashi da fasassun tukwane, wadda har yau manoma ke nemanta. A bayan kicin na ga suna kwaikwayon haka: ɓawon 'ya'yan itace da ragowar abinci ana cakuɗa su da dakakken gawayi kafin a kai gindin shuka. Wanda ya ce kurmin abinci sabuwar fasahar masu zanen gine-gine ce, bai yi wa kakannin mai jagorarmu adalci ba.

Wata safiya dattijuwar ta tsinto wani ɗan itace a ƙasa, dogo mai ruwan ƙasa, jikinsa da ƙura-ƙura, ɗan'uwan koko ne da suke kira kofuwasu. Ba a tsinkarsa, in ya nuna da kansa yake faɗowa. Ta buga shi a jikin kututture ya tsage, wani ƙamshi mai ƙarfi ya cika wurin. A kicin wata yarinya ta zauna da almakashi tana yanke farin naman daga jikin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, don ba ya saɓulewa da hannu. Kafin azahar ya zama abin sha mai tsami da zaƙi a gabanmu, ƙwayoyin kuma an kai su gandun reno. A teburin akwai rogo, da soyayyar ayaba, da kifin da suke kira fako, daga tafkin da suka haƙa a ƙasan lambun. Kifi ne mai cin 'ya'yan itace, abin da ya zube ya lalace shi ake watsa masa. Na tambayi dalilin da ba sa kama kifin kogi, ga shi a bakin ƙofa. Manajan ya ce saboda zaiba. Masu haƙar zinariya a Madre de Dios da zaiba suke tace ta, tana shiga ruwa, tana taruwa a jikin manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu. Ɓarnar da aka yi a yankin La Pampa ta kai ga gwamnati ta tura sojoji da 'yan sanda a watan Fabrairun 2019 suka kori masu haƙar. Ya ce cikin ma'aikatansa akwai waɗanda suka taɓa aiki a ramukan.

Ba komai ne ke tafiya daidai ba, kuma ba su ɓoye mini ba. Birai suna shigowa su fasa koko su tsotse su yar. Aladun daji in suka faɗa wa rogo dare ɗaya sun gama da shi. Tururuwa masu yankan ganye suna iya tsige ƙaramin lemo tas kafin gari ya waye. Na ga layinsu, kowace da guntun kore a kai, sun share hanya ƙal a cikin ganye. Ga cutar da ke ruɓar da 'ya'yan koko in inuwa da laima sun yi yawa, maganinta kuma a bi itace ɗaya-ɗaya ana cire masu cutar. Na ce, "Mama, ba ku jin haushin biran nan?" Ta ce tana ji mana, amma ta dasa da rabonsu, kuma su baƙi ke biyan kuɗi su zo gani. Sai dai akwai iyaka: an hana kowa, baƙo ko ma'aikaci, miƙa wa dabba abinci da hannu ko rataya ayaba don a ɗauki hoto. Na goyi bayan wannan doka ɗari bisa ɗari. Birin da ya tsinki gwanda a kan itace yana nan a birinsa na daji, wanda ya saba karɓa a hannu kuwa gobe kicin zai shiga, ƙarshensa kuma ba ya kyau.

Akwai ma haɗarin da ido ba ya gani. Mai lambu a bakin gandun daji ba shi da ikon dasa duk abin da ya ga dama, domin tsuntsu ba ya sanin iyaka. Irin da aka kawo daga wata nahiya in ya tsallaka kurmi, fitar da shi sai an sha wuya. Shi ya sa a layin da ke dab da tsohon kurmi ba a dasa komai sai 'yan asalin wurin, irin su kwakwar huwasai da aguwahe. Ita aguwahe kwakwar fadama ce da mace kaɗai ke 'ya'ya, kuma a wurare da yawa sare ta ake yi don a kwashi 'ya'yan, har fadamu suka koma kusan maza zalla. A nan da igiya da ɗamara ake hawa a yanko nonon a bar uwar.

Lambun bai ciyar da masaukin gaba ɗaya ba, manajan ma ya ce ba ya fatan ya yi. Shinkafa da wake da ƙwai da ƙarin rogo daga manoman bakin kogi yake saye, kuma da gangan. In masauki ya wadatu da kansa ya rufe ƙofa, maƙwabtansa ba su da abin da za su samu daga tsayuwar dajin, alhali mai sayen katako da mai neman zinariya suna zuwa musu da kuɗi a hannu. Daga gandun renon ake ba su dashen koko da kofuwasu da inga. Aikin kuma aikin ƙarfi ne na kullum, sara da dashe da kwasar taki, ba abin da za a ɗora wa mai shara ya yi a lokacin hutunsa ba. Na taɓa ganin irin lambun da ake yi don hoto kawai, allunan sunaye masu kyau a gindin itatuwan da babu mai cin 'ya'yansu, kicin kuma yana buɗe gwangwani. Mai son sanin gaskiyar lambun masauki, ya tambayi mai girki abin da ya tsinko yau da safe.

Kafin tafiyata suka kai ni ɓangaren filin da bai gama farfaɗowa ba, inda ake shirin ƙara ɗakuna. An kafa turaku an ja igiya inda ginin zai zauna, amma ba a kawo ko katako ɗaya ba. Ayaba da rogo da inga aka fara dasawa kewaye da igiyar, ƙarƙashinsu ƙananan koko da ba su wuce gwiwa ba, can nesa sosai kuma dashen kastanya a cikin ɗan shinge saboda aguti. Ginin zai jira sai inuwa ta haɗu. A nan gardama ta kaure tsakanin manajan da dattijuwar. Shi yana so a matso da ɗaki biyu bakin kogi, don baƙi suna son su farka su ga ruwa, kuma ɗakin da ke kallon kogi ya fi tsada. Ita ta ce kogin yana cin gaɓar nan duk damina, ta nuna masa inda wani itace ya kwanta a ruwa da saiwarsa a sama, ta ce wurin na gora ne da itatuwa masu riƙe ƙasa, ba na gado ba. Ya ce za a kafa dirkoki masu zurfi. Ta ce ta ga kogin ya tafi da gona sukutum. Har na baro wurin ba su daidaita ba, turakun dai suna nan inda ta kafa su.